Daga Randar Ladi Kwali Zuwa Allon Kwamfuta: Ladabin Ɗora Aiki A Kan Na Wani

Kowace safiya, tun kafin rana ta haska Dutsen Zuma, motocin haya suke kwasar ma'aikata daga Suleja, su bi ta Madalla da Zuba, su nufi sakatariyar tarayya da sauran ofisoshin Abuja. Cikin canjin da ke kai-komo tsakanin kwandasta da fasinja, jefi-jefi akan ga takardar Naira ashirin, wadda a yau da ƙyar take sayen wani abin kirki. A gabanta akwai hoton Janar Murtala Muhammed. A bayanta kuwa wata mace ce a bakin aikinta, tana gina tukunya, an kuma rubuta sunanta: Ladi Kwali.

Akwai mata a jikin wasu takardun kuɗin ƙasar nan, kamar matan Fulani masu ɗauke da ƙorai da ke bayan Naira goma, sai dai babu sunan ko ɗaya daga cikinsu. Ladi Kwali ce kaɗai aka ambata. A garin Suleja ta yi aikin da ya ja mata wannan daraja, kuma aikin nata gini ne a kan ginin wasu: ta gaji zane daga matan ƙauyensu, ta karɓi dabarar gashi daga wani Bature, ta haɗa su ta fitar da abin da duniya ta san nata ne.

Tambayar da labarinta ya bari ita ce: idan mutum ya ɗora aiki a kan na wani, me ya hau kansa? Tambayar ta sake tasowa a wata sana'a da ba ta taɓa yumɓu, wato sana'ar masu ƙera filtar zane a kwamfuta, waɗanda aikinsu ke bayyana a fastoci, da allunan taro, da murfin rahotannin da ofisoshin gwamnati ke bugawa kullum.

Mece ce filtar zane?

Duk wanda ya taɓa ganin fastan da bayansa ya yi kama da katako mai jijiya, ko dutse mai kaushi, ko fatar da aka jeme, ko saƙar tabarma, to ya ga aikin filtar zane. Sau da yawa babu katakon da aka ɗauka hoto, babu kuma dutsen. Kwamfuta ce ta zana kamannin, bisa wani jerin umarni da wani mutum ya tsara mata.

A manhajoji irin su Blender, da Substance Designer, da Filter Forge, ana tsara wannan umarni ne da ƙananan akwatuna da ake jonawa da juna a kan allo. Akwati ɗaya ya samar da dabbare-dabbare, na biyu ya miƙar da su su zama kamar jijiyar itace, na uku ya zuba launi, na huɗu ya nuna inda haske zai faɗa da inda inuwa za ta kwanta. Filta mai kyau tana iya ƙunsar akwatuna da dama, kuma mai ita kan shafe kwanaki yana gwaji kafin ta yi daidai.

A nan ne matsalar take. Filta ba hoto ɗaya ba ce, tsarin girki ce. Wanda ya same ta zai iya buɗe cikinta, ya ga yadda aka jona akwatunan, ya juya lamba ɗaya ko biyu, launi ya tashi daga ja zuwa shuɗi, ya sa mata sabon suna. Aikin da ya ci wa wani mako biyu, shi ya gama da shi kafin shayinsa ya huce. Manhajar Filter Forge, alal misali, tana da rumbun filtoci dubbai da masu amfani da ita suka ƙera suka ajiye, kowa na iya buɗe su ya gyara, kuma kamfanin kan saka wa waɗanda filtocinsu suka samu karɓuwa. Inda duk aka haɗa buɗaɗɗen rumbu da sakamako, dole a yi maganar wanda ya yi wahala da wanda ya ci moriya. Hausawa sun daɗe da yi wa irin wannan kirari: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Maginan tukwane sun san irin wannan kayan aiki tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta. Matan Gwari, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi ko Gbari, sukan murɗa igiya ko su sassaƙa ɗan guntun itace, su gangara shi a jikin ɗanyen yumɓu, sai ya bar zane mai maimaita kansa kewaye da tukunya. Wannan 'yar igiya ita ce filtar zamaninsu: a tsara ta sau ɗaya, ta yi ta haifar da zane. Duk maƙwabciyar da ta ga yadda aka murɗa ta za ta iya murɗa tata.

Garin da aka ari sunansa

Suleja gari ne da ya san zafin aro da daɗinsa. Sunansa na asali Abuja, daga Abu Ja, ɗan gidan sarautar Haɓe na Zazzau da ya kafa garin a 1828, bayan jihadi ya fitar da gidansu daga Zariya. Da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a watan Fabrairun 1976, sai aka ɗauki sunan aka ba sabon birnin, tare da yanki mai faɗi na ƙasar masarautar. Tsohon garin ya koma Suleja, don tunawa da sarkin wancan lokaci, Alhaji Sulaimanu Barau. Ma'aikacin da ke rubuta "Abuja" a saman wasiƙar ofis yana amfani ne da sunan da wani gari ya sadaukar.

A gidan wannan sarki labarin tukwanen ya faro. Michael Cardew, maginin tukwane ɗan Ingila, ya zo Najeriya a 1950 a matsayin jami'in gwamnatin mulkin mallaka mai kula da harkar tukwane. Shi ma almajirin wani ne: ya koyi sana'ar a hannun Bernard Leach a garin St Ives, ya kuma yi aiki a ƙasar Gana cikin shekarun 1940. Yana zagayen neman wurin da zai kafa makarantar koyar da gini sai ya iso Abuja ta wancan lokaci, inda ya tarar da yumɓu, da itacen wuta, da ruwa, da sarki mai son sana'ar. A cikin tukwanen da Sarki Sulaimanu Barau ya tara ne Cardew ya fara ganin aikin wata maginiya daga ƙauyen Kwali.

Cibiyar koyar da ginin tukwane ta fara aiki a farkon shekarun 1950, kuma maza ne ɗalibanta na farko. A 1954 Ladi Kwali ta shiga, ta zama mace ta farko a wurin. An haife ta wajajen 1925, ta kuma koyi gini tun tana yarinya a hannun wata 'yar uwar iyayenta, ta hanyar da matan ƙasarsu suka saba: babu faifai mai juyawa, maginiya ce ke zagaya tukunyar tana ɗora yumɓu tana lailayawa har ta tashi. Idan ta ɗan sha iska sai a tsaga mata ado da ɗan ƙaramin abu mai kaifi, a zana kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, kifi da tsuntsu, a raba su da layuka. Daga nan a gasa a fili da ciyawa da kirare.

Abin da kowa ya kawo

A cibiyar, Ladi ta koyi juya yumɓu a faifai, ta yi kwanuka da kofuna da butoci. Amma ayyukan da suka fitar da sunanta su ne manyan randunan da ta ci gaba da ginawa da hannu kamar yadda ta gada. Abin da ya canja shi ne yumɓun da gashin. An yi amfani da yumɓu mai jure wuta, aka cike tsagin zanen da farar ƙasa, aka shafe jikin da ruwan ƙyalli, aka gasa a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200. Zanen Gwari ya fito fes a ƙarƙashin ƙyalli, abin da ba a taɓa gani ba a Kwali, ba a kuma taɓa gani ba a Ingila.

Sauyin bai zo a kyauta ba. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne domin jikinta na tsatsafa, iska na busar da danshin. Randar da aka shafe da ƙyalli ba ta tsatsafa, ga ta da nauyi, don haka ta tashi daga kayan ɗaki ta koma kayan kallo. Wanda ya ɗora aiki a kan na wani yakan ƙara wani abu, yakan kuma zubar da wani, kuma gaskiya ta buƙaci a faɗi duka biyun.

An baje ayyukan cibiyar a birnin Landan a 1958, da 1959, da 1962. Ladi da kanta ta je Ingila ta nuna yadda take gini, ta kuma zagaya Amurka tare da Cardew a 1972. Ta samu lambar MBE a 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta karɓi lambar yabo ta ƙasa kan hazaƙa a 1980, sannan OON a 1981. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agustan 1984. A yau tukwanenta na ajiye a manyan gidajen tarihi, ciki har da Victoria and Albert na Landan.

Wani ƙaramin abu ne ya sa ake iya nuna tukunya a yau a ce tata ce. A cibiyar, kafin a gasa tukunya akan danna mata hatimi. Akwai hatimin wurin, mai ɗauke da sunan Abuja da haruffan Larabci, akwai kuma na maginin da ya yi ta. Na Ladi haruffa biyu ne, LK. Na Cardew MC. Hatimi ɗaya na cewa ga gidan da aka yi aikin, da yumɓunsa da tanderunsa, ɗayan na cewa ga hannun da ya yi shi. Cardew shi ne shugaba, ma'aikacin gwamnati mai iko a zamanin da Bature ke iya sa sunansa a kan komai. Da a ce hatiminsa kaɗai aka riƙa dannawa, da wuya a ce Babban Bankin Najeriya ya samu sunan da zai rubuta a bayan Naira ashirin a 2007.

Sunayen da ba su samu hatimi ba

Duk da haka labarin bai cika adalci ba. Matan da suka biyo bayan Ladi a cibiyar, irin su Halima Audu, da Asibi Ido, da Kande Ushafa, da Lami Toto, masana tukwane sun san su, amma jama'a ba su san su ba. Matar da ta koya wa Ladi gini kuwa, yawancin rubuce-rubuce kan wuce ta ne da kalma ɗaya, ba tare da suna ba. Haka dubban matan da suka riƙe zanen kunama da ƙadangare ƙarni bayan ƙarni kafin ya iso hannun Ladi. Tushiya ce mafarin dawa, amma idan aka zo girbi zangarniya ake kallo.

Akwai wadda ta nuna yadda ake biyan irin wannan bashi. Magdalene Odundo, haifaffiyar Kenya da ke zaune a Ingila, tana cikin fitattun maginan tukwane na duniya a yau. A 1974, tana ɗaliba, ta zo cibiyar Abuja bisa shawarar Cardew, ta koyi ginin hannu a wurin Ladi Kwali da sauran matan. Tukwanenta ba su yi kama da na Ladi ba: babu kunama, babu ruwan ƙyalli, goge su take yi har su yi sheƙi. Ba wanda zai ce ta kwafa. Duk da haka, shekara da shekaru ba ta daina ambaton inda ta koya da waɗanda suka koya mata ba. Ambaton bai rage mata daraja ba, ya kuma taimaka wajen dawo da sunan Ladi bakin sabbin masu kallo, har aka sake baje ayyukanta a Landan a 2022, shekarar da kamfanin Google ya karrama ta a shafinsa na farko ranar 16 ga Maris.

Wannan ladabi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malaman da suka rubuta waƙoƙi da ajami suna da abin da suke kira tahamisi: mawaƙi ya ɗauki waƙar wani mai ƙwar biyu, ya ƙara ɗango uku a kowane baiti, ta koma ƙwar biyar. Fiye da rabin sabuwar waƙar nasa ne, amma ba ya ɓoye mai asalin. Sau da yawa a ƙarshe yakan faɗi wanda ya tsara da wanda ya yi tahamisi, ya kuma yi masa addu'a. Almajirin ilimi ma ba ya cewa ya sani kurum, sai ya faɗi a gaban wa ya durƙusa.

Sunayen da ke cikin akwatuna

Sana'ar filtar zane ita ma tana da nata malaman, kuma sunayen wasu na nan a cikin kayan aikin. Dabbare-dabbaren da ake fara yawancin zanen gajimare, hayaƙi, marmara da katako da su sun samo asali ne daga lissafin da Ken Perlin, masanin kwamfuta ɗan Amurka, ya ƙirƙiro bayan ya yi aiki a fim ɗin Tron na 1982. Ya wallafa dabarar a 1985, kowa ya ɗauka ya yi amfani da ita, kuma a 1997 masu ba da kyautar Oscar suka ba shi lambar yabo ta fasaha. Har gobe da sunansa ake kiran dabarar. Zanen da ke kama da tsagewar busasshiyar fadama ko fatar kada kuwa yana ɗauke da sunan Steven Worley, wanda ya bayyana shi a 1996, ko na Georgy Voronoy, masanin lissafin da ya rasu tun 1908. Matashin da ya buɗe Blender a wani shago a Suleja ya jawo ɗaya daga cikin waɗannan akwatuna, ya riga ya hau kafaɗar mutanen da bai taɓa gani ba.

Tarihin Perlin ya nuna ɗaya fuskar ma. A 2001 ya fitar da ingantacciyar dabara mai suna Simplex, amma wani ɓangare na amfani da ita ya shiga ƙarƙashin rajistar mallakar ƙirƙira. Masu shirya manhaja da dama suka riƙa kauce mata, har wani mai suna Kurt Spencer ya tsara madadinta, OpenSimplex, a 2014, don jama'a su samu abin amfani ba da fargaba ba. Wa'adin rajistar bai ƙare ba sai a 2022. Tsohuwar dabarar da aka bari a buɗe ita ce ta game duniya ta kuma ɗaukaka sunan mai ita. Kulle fasaha da yawa yana hana ta yaɗo, kamar yadda kwasarta ba tare da godiya ba ke kashe gwiwar masu bayarwa.

Don samun tsaka-tsaki ne aka kafa ƙungiyar Creative Commons a Amurka a 2001, ta fitar da lasisin da mai aiki zai liƙa wa aikinsa ya faɗi sharaɗinsa a taƙaice. Alamar BY na nufin a yi amfani amma a ambaci mai shi. SA na nufin duk wanda ya gina a kai ya saki nasa bisa sharaɗi iri ɗaya. NC na nufin ban da kasuwanci. CC0 kuwa sadaukarwa ce gaba ɗaya, kuma a kanta rumbuna irin su Poly Haven da ambientCG suke raba zanensu. Kalmar "kyauta" a intanet tana da ma'anoni da yawa, kuma wanda bai karanta sharaɗin ba yana iya sayar da abin da aka ba shi aro.

Inda doka ta tsaya

Najeriya tana da sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke kula da aiwatar da ita. Dokar ta kare ayyukan zane tsawon rayuwar mai su da shekara 70 bayan rasuwarsa. Ta ba shi haƙƙin a danganta masa aikinsa, da haƙƙin ƙin yarda a ɓata aikin ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci. Ta kuma yi tanadi kan fasahar gargajiya ta al'umma, wadda ta haɗa da tukwane, sassaƙa da tufafin gida: ba a yarda a kwashe ta don kasuwanci haka kawai ba, kuma ana buƙatar a ambaci al'umma ko wurin da ta fito.

Amma dokar ba ta kare tunani, ko hanya, ko tsarin yin abu. Babu mai mallakar ƙadangare. Babu mai mallakar dabarar miƙar da dabbare-dabbare su zama jijiyar katako. Wanda ya buɗe filtar wani, ya fahimci yadda aka yi ta, ya rufe, ya gina tasa daga tushe, da wuya kotu ta kama shi. Tsakanin kwafin da doka ta hana da koyon da kowa ya yarda da shi akwai fili mai faɗi, kuma a wannan fili babu alƙali sai ladabin 'yan sana'a.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun ƙara faɗaɗa filin. A yau mutum na iya rubuta jimla ɗaya, kwamfuta ta ba shi zane mai kama da jikin randar Gwari, ba tare da ta faɗa masa hotunan wa ta koya daga gare su ba. Kan irin wannan ne kamfanin hotuna na Getty Images ya kai kamfanin Stability AI ƙara a 2023. Injin ba ya danna hatimi. Idan mai amfani da shi bai faɗi tushen abin da ya nema ba, babu wanda zai faɗa.

Abin da ladabi ya buƙata

Abu na farko shi ne ambaton tushe a inda ba zai goge ba. Rubuta sunan mai asalin filta a saƙon da aka tura wa aboki bai wadatar ba, domin filtar za ta yi tafiya ta bar saƙon a baya. A cikin bayanin filtar kanta ya kamata a rubuta shi, kamar yadda ake danna hatimi tun yumɓu na ɗanye.

Na biyu, a faɗi abin da aka canja. Wanda ya ɗauki filtar dutse ya ƙara mata tsarin da ke nuna gansakuka da zaizayar ruwa ya yi aiki, kuma yana da damar sa sunansa kusa da na farko. Wanda ya juya launi kaɗai bai ƙera sabuwar filta ba, gyaran fuska ya yi, kuma abin da ya dace shi ne ya kira ta da hakan. Ma'aunin mai sauƙi ne: da mai asalin zai buɗe sabuwar, zai koyi wani abu, ko zai ga aikinsa ne kawai cikin rigar wani?

Na uku, a nemi izini idan kuɗi ko lambar yabo sun shigo, musamman idan ƙarin da aka yi kaɗan ne. Mutane da yawa da ke sakin aikinsu a buɗe ba kuɗi suke nema ba, so suke a san da su. Saƙo ɗaya na neman izini yakan wadatar, kuma yaba kyauta tukwici.

Na huɗu ya shafi gadon al'umma. Wanda ya ɗauki hoton jikin randa, ko adon ganuwar fada, ko aikin allurar babbar riga, ya mayar da shi filta, bai isa ya sa masa suna "zanen Afirka" ya wuce ba. Afirka ba ƙauye ba ce. A ce na Gwari ne daga Kwali, ko na Nupe daga Bida, ko na marinar Ƙofar Mata a Kano. Idan an san mai hannun a faɗi sunansa, idan kuma ciniki ya biyo baya a tuna da shi.

Shi ma mai asalin aiki akwai abin da ke kansa. Wanda ya ajiye filta a buɗaɗɗen rumbu ya san za a taɓa ta, kuma bai kamata ya ɗauki duk mai kama da tasa a matsayin ɓarawo ba, tunda shi ma daga akwatunan wasu ya fara. Ya rubuta sharaɗinsa a fili tun farko, ya huta da rigima.

Ruwan ma'aikaci a ciki

Mai karatu a ma'aikata na iya cewa wannan rigimar masu kwamfuta ce. Sai dai gwamnati na cikin manyan masu sayen aikin zane a Abuja. Kowane taro na buƙatar allo, kowane rahoto na buƙatar murfi, kowane mai riƙe da muƙami na da mataimakan da ke fitar da hotuna a shafukan sada zumunta. Umarni kan fito daga oga zuwa mataimaki, daga mataimaki zuwa ɗan kwangila, daga ɗan kwangila zuwa matashin da ke zaune gaban CorelDRAW ko Photoshop, kuma galibi ana son aikin kafin gari ya waye. Cikin wannan gaggawa babu mai tambayar daga ina adon bayan fastan ya fito. Ranar da mai shi ya gane aikinsa, tambarin hukuma za a gani a jiki, ba sunan matashin ba.

Maganin bai fi ƙarfin ofis ba. Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin darajar ambaton tushe, domin ba ya rubuta wasiƙa sai ya kawo lamba da kwanan watan wadda ta gabace ta, ba ya kuma ɗaga fayil sai an ga hannun duk wanda ya bi ta kansa. Abin da ake buƙata shi ne a kai wannan al'ada ga aikin zane. Kafin a biya ɗan kwangila, a nemi ya rubuta jerin hotuna, haruffa da filtocin da ya yi amfani da su, da inda ya samo su, da lasisin kowanne, a sa takardar a fayil. Idan zanen ya jingina da fasahar wata al'umma, layi ɗaya a bangon rahoto ya isa a faɗa. Idan kuma matashin da kansa ya ƙera adon, a bar sunansa a jiki, domin da irin wannan layi ne zai nemi aiki na gaba.

Cardew ya bar cibiyar a 1965, aka ci gaba da gudanar da ita, daga baya aka sa mata sunan Ladi Kwali. Ta daɗe da rasa armashinta na da, kuma yawancin masu wucewa ta Suleja zuwa aiki ba su taɓa leƙa ta ba. A cikin Abuja kuwa akwai titin da ke ɗauke da sunan maginiyar, motoci na bi ta kansa dare da rana. Masu sayen tukwanenta a ƙasashen waje, idan aka miƙo masu ɗaya, abin da suke fara yi shi ne su juya ta su nemi hatiman nan biyu, na garin da na mai hannun.